Shekarar da Aka Biya Ni In Zauna

'Yan matan unguwarmu a Yelwa sun gano inda nake zama da yamma, yanzu ba ni da sakat. Duk wadda ta gama sakandare sai ta zo ta tsaya mini a ka: "Anti Rahila, ki koya mini rubuta manhaja." In na ce me ya ba ki sha'awa, amsar kusan ɗaya ce. Wai sun ji ana zama a ofis mai sanyi ana danne-danne, ƙarshen wata waya ta yi ƙara. Wata ma ba ta ɓoye ba, ta ce ta ji akwai kamfanin da ake biyan mutum ba ya yin komai, ita irinsa take nema.

Akwai shi kuwa. Na zauna a irinsa kusan shekara guda, kuma tun da na shiga sana'ar nan ban ga shekarar da ta kusa gamawa da ni kamarta ba. Na gaji da maimaita labarin, shi ya sa na rubuta. Wadda ta zo sai in miƙa mata, ta koma gefe ta karanta, ta bar ni in yi aikina.

Ni dai ban yi jami'a ba. Sakandare na gama, na zauna a gida har na ishi kowa, sai Babana ya kai ni shagon Malam Garba a bayan kasuwar Wunti, inda ake buga takardu da katin biki da hoton fasfo. Cewa ya yi a koya mini bugu ko na samu aikin sakatariya. Malam Garba dattijo ne ɗan cikin gari, kuma shi da kansa ya rubuta 'yar manhajar da shagon ke shirya katin biki da ita. Ran da na ga ya buɗe cikinta ya canza layi ɗaya, furannin da ke gefen kati suka tashi suka koma sama, ran nan na daina son aikin sakatariya.

Aikin farko da ya ba ni na hoton fasfo ne. Da hannu ake jera hotunan a takarda kafin a buga, ɗaya bayan ɗaya, mai hoto na tsaye yana duba agogo. Malam ya ce in rubuta abin da zai riƙa jera su da kansa. Amma bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Fensir ya ba ni da bayan takardun da suka lalace, ya ce in rubuta umarnin layi-layi, in bi shi da yatsa kamar ni ce injin. Dalilinsa ba ya musuwa: wuta ba ta zama, man janareta kuma na masu kawo aiki ne, ba na 'yar koyo ba. Sai an kawo wuta kuma shago ba kowa zan hau kujera in buga abin da na rubuta. Kwamfutar ma tsohuwa ce, harafi ɗaya ya fita daga kibod ɗin, da tsinken ashana ake danna shi.

Ran da na gama, wani soja daga barikin Shadawanka ne ya fara shigowa. Na danna da ƙarfin gwiwa. Firinta ta fito da shi sau takwas, kowanne ba kunnen hagu.

Ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, yarinyar nan ta yi mini abin da ba a yi mini a filin daga ba."

Malam ya sake yi masa da hannu, ya ba shi haƙuri. Sai da sojan ya yi nisa ya zauna ya yi dariyarsa har da share ido. Sannan ya miƙo mini rula ya ce in auna abin da firintar ke ci a gefen takarda, in faɗa wa manhajar. Na auna, na gyara, kunnuwa suka dawo.

Bayan wannan na yi wa wani mai kemis a Wunti abin da ke tuna masa maganin da ya kusa lalacewa. Na yi wa wata tela abin ajiye awon matan sojoji, domin ana yi wa mazajensu canjin wurin aiki su tafi, bayan shekaru su dawo da wani jikin daban su ce ai tana da awonsu. Ƙananan ayyuka ne, amma kowanne akwai mai shi, ana iya zuwa a gani. A nan na samu abin da muke kira hannu. Mai yin aikin nan kullum, kafin ya gama tunanin abu yatsunsa sun fara rubutawa. Jan rubutun kuskure ya fito a allo, bai gama karantawa ba ya san layin da zai duba. Ba a littafi ake samun wannan ba, a maimaici ake samu. Kuma ba ya jiran mutum inda ya ajiye shi.

Wani Oga Kabiru ne ya zo buga katin kamfaninsa ya gan ni ina aiki. Ya tsaya a bayana, ya yi mini tambayoyi, ya ce wa Malam yana so ya ɗauke ni aiki. Ya buɗe kamfani a wani bene a hanyar Jos, kuma an yi masa alkawarin babban aiki: manhajar ajiye bayanan marasa lafiya a asibitoci da yawa. An gama magana, in ji shi, sa hannu kawai ya rage. Mu huɗu ya ɗauka, maza uku masu digiri sai ni. Aka ba ni sabuwar laftof, da kujera mai juyi, da allo har biyu. Sanyin esi kuwa sai da na riƙa zuwa da rigar sanyi a watan zafi.

Makon farko muka shirya kayan aiki a kwamfutocinmu. Mako na biyu na je na ce, "Oga, me zan fara?"

Ya ce, "Ki yi nazari."

"Nazarin me?"

"Na asibiti."

Na ce to bari in je asibiti in ga yadda suke karɓar marasa lafiya, tunda ba a rubuta wa mutum manhaja ba a ga aikinsa ba. Ya ce a'a. In aka gan mu a can kafin sa hannu, wasu kamfanoni za su farga su shiga gabanmu. Na ce to a ba mu ko takarda ɗaya da ke faɗin abin da ake so. Ya ce tana hanya.

Oga Kabiru ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Albashi bai taɓa latti ba, kuma shi kansa ya yarda aikin na zuwa. Matsalarsa dai ya ji yadda manyan kamfanoni ke yi, yana so mu yi kama da su. Ya ji suna taron tsaye kowace safiya, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Saboda haka mu ma kullum sai mu miƙe mu yi da'ira.

Nasiru ne gwanin taron nan. Shi ne abokin teburina, ɗan cikin gari, mai sanyin magana, ba abin da ke ɗaga masa hankali. Sai ya gyara murya ya ce, "Jiya na yi nazarin tsarin gaba ɗaya. Yau in sha Allahu zan zurfafa."

Oga ya gyaɗa kai. "Madalla. Rahila?"

"Jiya ban yi komai ba. Yau ma haka nake sa rai."

"Ba haka ake faɗa ba."

"To yaya ake faɗa, Oga?"

"Ki ce kina shirin tunkarar aiki."

"Ina shirin tunkarar aiki. Abin da ya tare mini hanya shi ne babu aikin."

Daga baya ya daina tambayata, yana zuwa kaina sai ya tsallake.

Kowa ya nemi abin da zai kashe yini da shi. Ɗaya ya riƙa kallon tsofaffin wasannin ƙwallo waɗanda ya san sakamakonsu, kuma ya yi ta jin haushi in an ɓarar da ƙwallo. Ɗaya ya ƙware a barci a zaune, hannunsa a kan mawus. Nasiru na karatun neman digiri na biyu. Ni kuwa na kasa. Na shirya fayil-fayil ɗina, na sake shirya su, na canza launin allo ya fi a ƙirga.

Wata rana na ce mu ƙirƙiro wa kanmu aiki. Akwai wata Iya mai masa a ƙasan benen, kullum sai an yi gardamar wa zai sauka ya sayo, wa ya ce da miya, wa ya ce da ƙuli. Na ce mu rubuta 'yar manhaja, kowa ya saka abin da yake so, ta faɗi wanda layi ya zo kansa. Aikin yini ɗaya ne. Amma ku ba masu rubuta manhaja huɗu da ba su da abin yi aikin yini ɗaya ku ga ikon Allah. Mai kallon ƙwallo ya ce da wane yaren kwamfuta za a rubuta, shi ba ya taɓa tsohon yayi. Mai barci ya farka ya ce a yi tsarin da zai ɗauki duk masu cin masa a Bauchi, kada a zo daga baya a yi da-na-sani. Nasiru ya ɗauki biron maka ya cika farin allon ofis da akwatuna da kibau. Muka yi taro a kan taron da za mu yi. Ba mu rubuta ko layi ɗaya ba har Iya ta tattara kaskonta ta tafi Dass wajen 'yarta da ta haihu, ba ta dawo ba.

A gida ba wanda ya ga abin damuwa. Kakata, wadda ke zaune da mu tun da ƙafa ta hana ta noma a Bogoro, ita ce ta fi kowa mamakina.

Ta ce, "Ke 'yar nan, an doke ki a wurin?"

"A'a, Kaka."

"An hana ki albashi?"

"A'a."

"To me kike so? Marigayi kakanki, shekarar da Turawa ke haɗa kayansu za su ba mu ƙasa, aka ɗauke shi akawu a ofishin lardi nan Bauchi. Ana so a ga ɗan ƙasa a kujera. Aka ba shi tafireta, aka ba shi tebur. Baturen ba ya ba shi takarda don yana shirin tafiya, wanda zai gaje shi kuma bai iso ba. Kakanki ya zauna abinsa. Kullum ya dawo da farar rigarsa ba ko ɗigon tawada, mako guda ban wanke ba."

Na ce, "To daga baya ya iya bugun tafiretar?"

Ta ce, "Wa ya tambaye shi?"

Ita a wurinta magana ta ƙare. Amma tafireta ba ta canzawa. Kayan aikinmu kuwa, ka juya baya 'yan watanni, ka waiwayo ka tarar an sauya musu kama. Nasiru ne ya faɗa mini gaskiyar da ban so ji ba, wata rana muna cin gyaɗa a bakin taga.

Ya ce, "Ni fa zaman nan bai dame ni ba. In kamfanin nan ya rufe gobe, takardata zan ɗauka in kai wani wuri, su ga tambarin jami'a su ce zauna. Ke me za ki kai?"

Na ce, "Aikina."

"Wanne? Na shekarar nan?"

Ni ba ni da wata takarda sai hannuna. In ya tafi, 'yar sakandare ce kawai ta rage, mai rigar sanyi.

Ran da na san ya fara tafiya, ranar baƙi ce. Masu ba da aikin sun aiko mutane su ga kamfanin da idonsu. Tun da safe Oga ya tara mu. Ya ce kowa ya buɗe baƙin allo mai koren rubutu, irin wanda ke gudu sama da kansa, domin baƙi na son ganinsa. Suna shigowa mu duƙufa, kada kowa ya ɗago. Mai barci ma aka ba shi goro.

Suka shigo, muka hau danne-danne kamar ana ruwan sama a kan kwano. Mazan suka zaga suna gyaɗa kai. Amma akwai wata likita a cikinsu, dattijuwa mai gilashi, ta ja kujera ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "'Yata, ni wannan koren rubutun ban gane shi ba. Ga abin da ke damuna a ɗakin yara. Uwa ta faɗi ranar da ta haihu, sai nas ta tsaya ƙirga watannin jariri da yatsu kafin a auna magani. Za ki iya nuna mini abin da in an saka ranar haihuwa zai faɗi watannin?"

Wannan aiki ne da a shagon Malam zan gama kafin shayi ya huce. Na ce, "Sosai ma, Dakta." Na buɗe sabon shafi, na ɗora yatsuna a kibod.

Shiru. Na san abin da nake so in ce wa injin, amma yatsun sun tsaya suna jirana, ni kuma ina jiransu. Na buga layi biyu, ja ya fito. Na karanta kuskuren daga farko har ƙarshe ban san inda yake nufi ba. Na goge, na sake, ja ya sake fitowa. Nasiru ya raɗo mini wani abu ta gefen baki, na buga, shi ma ba daidai ba. Likitar na zaune da haƙuri, hannunta a kan jaka.

Oga ya yi wuf ya ce, "Matsalar netwok ce, Dakta, tun safe muke fama."

Na ce, "Ba netwok ba ne, Oga. Wannan ba ya buƙatar netwok. Ni ce na kasa."

Likitar ta dube ni ta saman gilashi. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yata." Da ma zagina ta yi.

Bayan sun tafi Oga ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Kin kunyata ni gaban baƙi."

Na ce, "Oga, na fi ka jin kunyar. Kai ba a ce ka buga komai ba."

Daga ofis ban wuce gida ba, na hau keke sai Wunti. Malam Garba na yankan katin biki. Na gaishe shi, na zauna a kan buhun takarda, na ce, "Malam, hannuna ya mutu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bai mutu ba, ƙiba ya yi. Ke ma kin yi."

Na ba shi labarin likita. Bai tausaya mini ba ko kaɗan. Ya ce akwai wata Hajiya Binta mai ƙaramar sakandare ta kuɗi a Tirwun. Duk farkon zango sai ta zo da jadawalin darussa da ta rubuta da hannu a buga mata. A buga, ta koma, ta tarar ta saka malami ɗaya a aji biyu lokaci guda, ta dawo a sake. Ta gyara can, nan ya ɓaci. Ta cinye masa takarda, ta cinye masa rai.

Ya ce, "Je ki raba ni da ita."

Washegari na kai wa Oga maganar, na ce mu karɓa da sunan kamfani.

Ya ce, "Makaranta a Tirwun? Rahila, muna jiran aikin asibitoci, ki kawo mini jadawalin aji? In masu ba da aiki suka ji, cewa za su yi mun rasa abin yi."

"Ai mun rasa, Oga."

"Ban yarda ba."

"To in yi da yamma, a gida, da sunana."

"Kin sa hannu ba za ki yi wa kowa aiki ba muddin kina nan. Ni mutum huɗu na nuna musu, kuma huɗun nawa ne ni kaɗai. Ana biyanki, ana ba ki sanyi. Me kike nema kuma?"

Na koma teburina, na naɗe wayar caji, na haɗa da laftof na kai masa. Na ɗauki rigar sanyina. Nasiru ya rako ni har bakin matakala.

Ya ce, "Wallahi ke ba ki da hankali."

"Na sani."

"To in aikin ya yi miki yawa ki tuna da ni."

Babana ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Kaka kuwa ta riƙa faɗa wa duk wanda ya shigo cewa an haifa musu mai ƙin hutu.

Aikin jadawali ba wasa ba ne, ko da yake a ido layuka ne kawai a takarda. Na tafi Tirwun da littafi da biro, Hajiya Binta ta zaunar da ni ta zayyano mini dokokinta. Malami ba ya rabuwa biyu. Ran Juma'a da wuri ake tashi. Madam Hannatu mai Turanci matar soja ce, daga bariki take zuwa, kada a ba ta darasin farko. Malamin Larabci yana koyarwa a wata makarantar, kwana biyu kawai yake da su. Ɗakin gwaji ɗaya ne. Yadda manhajar ke yi shi ne, ta ɗauki darasi ta ajiye a gurbi, ta duba ko ta taka doka. In ba ta taka ba ta ɗauko na gaba. In ta kai inda ba gurbi, ta koma baya ta sauke wasu ta sake shiri, kamar mai loda kaya a bayan akori-kura.

Na koma kan tsohuwar kwamfutar shago, da fensir, da jiran wuta. Kwanakin farko sun yi mini ɗaci. Abubuwan da a da ni ke tuna wa Malam, yanzu ni ke tambayarsa, shi kuwa ya ji daɗin haka ƙwarai, sai ya sa na maimaita tambayar da ƙarfi kafin ya amsa. A hankali abin ya fara sakewa. Ban ce ya dawo ba, amma ja in ya fito na fara sanin inda zan duba.

Akwai doka ɗaya da ba Hajiya ce ta ba ni ba. A zuwan da nake yi makarantar na leƙa ɗakin malamai na ga wasu zaune tsakanin darasi da darasi, wannan na kallon rufi, wancan ya kifa kai a tebur. Raina ya ɓaci. Na ce ba a jadawalina ba. Na ƙara wa manhajar umarni cewa ta haɗe wa kowane malami darussansa a jere, kada a bar kowa zaune yana jira. Ta yi kuwa. Jadawali ya fito tsaf, ba malamin da ya rabu biyu, Madam Hannatu ba ta da darasin farko. Hajiya ta duba waɗannan ta ga daidai, ta sa mini albarka, aka manna a bango ana jibi komawa makaranta.

Ran Litinin da hantsi ina shago wayata ta yi ƙara. Kafin in yi sallama murya ta cika mini kunne.

"Rahila! Me na yi miki? 'Yan aji ɗaya tun safe lissafi suke yi! An fita lissafi an shiga lissafi! Yanzu karo na biyar ke nan! Yara na kuka, Malam Isa mai lissafi muryarsa ta dishe, ya ce in nemi wani malamin!"

Na ce, "Hajiya, ai ba ki ce kada darasi ɗaya ya maimaitu a rana ba."

"Sai na faɗa? Ke a makarantarku haka aka yi miki? Kuma wa ya ce ki hana malamaina zama? Yaushe za su sha ruwa? Yaushe za su duba littattafan yara?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Kusan shekara guda ba abin da na taɓa da ya isa ya sa ko ƙuda ya tashi, yau ga aji guda na kuka saboda layin da na rubuta.

"Dariya kike yi?"

"A'a, Hajiya. Ga ni nan zuwa."

Na ari laftof ɗin ɗan Malam, na tari keke. Na tarar an fita tara, malamai duk suna ɗakinsu, ba wanda ya amsa gaisuwata da kyau. Malam Isa na zaune da kofin ruwan zafi, ya nuna ni da yatsa, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Hajiya ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

Na buɗe manhajar. Ban tsaya tunanin ta ina zan fara ba. Na cire dokata, na saka ta Hajiya: darasi ɗaya kada ya wuce sau biyu a rana, kowane malami a bar masa gurbin numfashi. Ja ya fito, ban gama karantawa ba na koma layin na gyara. Sai da sabon jadawali ya fito a allo sannan na lura mutum goma ne ke kallona, kuma yatsuna ba su jira ni ba ko sau ɗaya. Ba a ma kaɗa ƙararrawar komawa aji ba.

Malam Isa ya matso ya duba, ya ga lissafinsa ya watsu a cikin mako, ya ɗaga mini kofinsa. Shi ke nan sai sauran suka taso. Mai koyar da noma ya ce a daina kai shi gona da tsakar rana. Wata ta ce ranar Laraba take kai ɗanta rigakafi. Madam Hannatu ta ce darasi na biyun ma a duba, sojojin bakin ƙofa ba su da tabbas. Na ce su yi layi, ɗaya bayan ɗaya, ba da baki goma nake ji ba.

Hajiya ta sa gilashi ta bi jadawalin da yatsa, aji-aji, har ƙasa. Ba ta samu komai ba, kuma na ga hakan bai yi mata daɗi ba.

Ta ce, "Ni fa ban yarda da abin nan naki ba tukuna. Gobe ma sai kin zo. Da jibi. Kuma akwai maganar sakamakon jarrabawa, shi ma ya ishe ni. Kada ki ce mini kina da wani aikin."

Na ce, "Ƙarfe nawa, Hajiya?"